Florence Nightingale: matar da ta mai da jinya aikin da ake shiga makaranta a koya

Ranar 12 ga watan Mayun kowace shekara, ma'aikatan jinya a Nijar da sauran ƙasashen duniya suna bikin ranar da aka keɓe musu. An zaɓi ranar ce saboda ita ce ranar haihuwar Florence Nightingale, wata Baturiyar Ingila da ta rasu a 1910. Galibin waɗanda suka san sunanta sun san ta ne da hoton mace riƙe da fitila, tana zagaya sojojin da ke kwance cikin dare. Wannan zagaye bai cika shekara biyu ba cikin shekaru 90 da ta yi a duniya. Sauran rayuwarta ta ƙare ne a kan tambayar da yaƙi ya bar mata: me ya sa dubban sojoji suka mutu a asibitin da take aiki ba dare ba rana? Amsar da ta samu ce ta haifar da makarantar jinya irin wadda aka sani a yau.

Ɗiyar masu hali

An haife ta ranar 12 ga Mayun 1820 a birnin Florence na ƙasar Italiya, lokacin da iyayenta ke doguwar tafiya bayan aurensu, shi ya sa aka raɗa mata sunan garin. Mahaifinta William Nightingale mai dukiya ne, yana da manyan gidaje biyu a karkarar Ingila. Shi da kansa ya koyar da ita da yayarta Parthenope harsuna da tarihi. Ta iya Faransanci da Jamusanci da Italiyanci, ta kuma nace har aka bar ta ta yi karatun lissafi, abin da ba a saba gani ga ɗiya mace ba a wancan zamani.

A watan Fabrairun 1837, tana da shekara 16, ta yi imani cewa Allah ya kira ta zuwa ga wani aiki. Da ta gane aikin nan jinya ne, sai gida ya rikice. A Ingila ta lokacin, jinya a asibiti aiki ne na matan da ba su da wata madogara. Ba a koya musu komai, albashinsu kaɗan ne, an kuma yi musu tambarin shan giya. A 1845 ta nemi izinin zuwa asibitin garin Salisbury don ta koyi aikin na ƴan watanni, mahaifiyarta da yayarta suka ƙi ƙememe.

Ta yi biyayya, amma ba ta saki burinta ba. Takan tashi da asuba ta karanta rahotannin asibitoci da na lafiyar jama'a, tana rubuta abin da ta tsinta. A 1849 ta ƙi auren Richard Monckton Milnes, wani ɗan majalisa da ya daɗe yana nemanta, saboda ta san aure zai rufe mata wannan ƙofa. Sai a 1851, tana da shekara 31, ta samu ta yi kimanin wata uku a Kaiserswerth ta ƙasar Jamus, inda wani fasto mai suna Theodor Fliedner ke horar da mata kula da marasa lafiya. A 1853 ta je Paris ta zagaya asibitoci, ta ga yadda mata masu zaman zuhudu na cocin Katolika ke aiki.

A watan Agustan shekarar ta karɓi shugabancin wani ƙaramin gidan jinya na mata a titin Harley da ke Landan. Tun a nan aka ga halinta. Ta sa aka ja bututun ruwan zafi zuwa kowane bene, aka kafa na'urar hawar da abinci daga kicin, aka sa ƙararrawar da marar lafiya zai kira mai jinya. Ta kuma tilasta wa kwamitin gidan ya riƙa karɓar majinyata ba tare da duba addininsu ba.

Barikin Scutari

A 1853 yaƙi ya ɓarke tsakanin Rasha da Daular Usmaniyya, a watan Maris na 1854 kuma Ingila da Faransa suka shiga a ɓangaren Turkawa. An gwabza ne a yankin Kirimiya. Sojojin Ingila da suka ji rauni ko suka kamu da ciwo, a jirgin ruwa ake ƙetarar da su tekun Bahar Aswad zuwa Scutari, wata unguwa ta birnin Santambul, inda aka mai da wani ƙaton bariki asibiti. Jaridar Times ta fallasa halin da suke ciki, ta kuma nuna cewa sojojin Faransa suna da mata masu jinya alhali na Ingila ba su da kowa. Sidney Herbert, minista a ma'aikatar yaƙi wanda ya san Florence tun haɗuwarsu a Roma, ya roƙe ta ta tafi. Ta bar Landan ranar 21 ga Oktoban 1854 da mata 38, suka isa ranar 4 ga Nuwamba. Washegari aka yi gumurzun Inkerman.

Likitocin soja ba su yi maraba da su ba. Florence ta hana matanta taɓa kowane majinyaci sai likita ya nema, saboda ta san kuskure ɗaya zai isa a kore su duka. Da jiragen suka soma sauke raunatattu ɗari-ɗari, likitocin da kansu suka nemi taimako.

Abin da matan suka tarar ya wuce misali. Sojoji kwance a barandu cikin rigunan da suka zo da su daga fagen daga, ga ƙwarƙwata, ga ɓeraye, ga bokitan bayan gida cike a cikin ɗakuna. Babu isasshen sabulu, babu tawul, babu kwanon cin abinci. Nama kuwa a manyan tukwane ake tafasa shi, wani ya dahu wani ya fito ɗanye, kuma shi ake miƙa wa mai atuni da mai zazzaɓi. Wanda ba ya iya ɗaga hannu, haka rabonsa zai huce a gefensa.

Da kuɗin gudummawar da jaridar Times ta tara da kuma na aljihunta, ta sayi buroshin goge ƙasa da riguna da cokula. Ta kama hayar gida ta mai da shi wurin wanki, ta ɗauki matan sojoji aikin. Ta buɗe kicin na musamman inda ake dafa romo da kunu da sauran abinci mai sauƙi ga waɗanda cikinsu ba ya riƙe nama. A farkon 1855 wani shahararren kuku Bafaranshe, Alexis Soyer, ya zo ya gyara tsarin dahuwar asibitin baki ɗaya. Da dare ita ke zagaya ɗakunan da fitila, ta kuma rubuta wa iyalan mamata wasiƙu masu yawa. Daga nan sunanta ya cika Ingila.

Duk da haka mutuwa ba ta ragu ba. A lokacin sanyin farko sama da sojoji 4,000 ne suka mutu a Scutari, mafi yawansu ba da raunin harsashi ba. Taifod, kwalara, atuni da zazzaɓin da ƙwarƙwata ke yaɗawa ne suka kashe su. A watan Fabrairun 1855, cikin kowane majinyaci 100 kimanin 42 ne ke mutuwa.

A watan Maris gwamnati ta turo kwamitin tsafta, cikinsa akwai likita John Sutherland da injiniya Robert Rawlinson. Sun tarar barikin yana zaune ne a kan magudanan ƙazanta da suka toshe, iskarsu na hawowa cikin ɗakuna. Sun kuma ciro mushen doki daga hanyar ruwan da ake sha. Aka wanke magudanan, aka buɗe tagogi, aka shafe bango da farar ƙasa, aka rage cunkoso. Zuwa watan Yuni, mutuwa ta sauko zuwa kimanin 2 cikin 100. Wucewar sanyi da ingantuwar abincin sojoji a fagen daga su ma sun taimaka.

Ita kanta ba ta tsira ba. A watan Mayun 1855 ta ƙetara Kirimiya don duba asibitocin can, ta kamu da zazzaɓin da ya kusa kashe ta. Masana da dama a yau suna ganin cutar nan ce da ake ɗauka daga ɗanyar madarar dabbobi. Ta ƙi komawa gida sai da aka sallami majinyacin ƙarshe. Ta isa Ingila a watan Agustan 1856 da sunan aro, don ta kauce wa tarbar da aka shirya mata.

Abin da alƙaluma suka nuna

Bahaushe ya ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. Florence ba ta tsaya ga ido ba, mudun ta ɗauko. Bayan ta gana da Sarauniya Victoria a watan Satumban 1856, ta matsa har aka kafa kwamitin binciken lafiyar sojoji a 1857 ƙarƙashin Sidney Herbert. Ta zauna da William Farr, babban masanin ƙididdiga na ƙasar, suka bi rajistar mamata wata-wata.

Lokacin da take Scutari ta fi ɗora alhakin mutuwar a kan yunwa da wahalar da sojojin suka sha kafin a kawo su. Alƙaluman sun ƙara nuna mata wani abu mai ɗaci: ginin da ta kwana tana jinya a cikinsa yana cikin abin da ya kashe su. Kimanin sojojin Ingila 16,000 ne cuta ta kashe a yaƙin, ninkin-ba-ninkin waɗanda makami ya kashe. Binciken ya kuma gano cewa ko a lokacin zaman lafiya, sojan da ke barikin Ingila ya fi farar hula sa'ansa yiwuwar mutuwa kusan ninki biyu.

Sanin cewa manya ba sa karanta dogon jadawali, sai ta zana alƙaluman a da'ira mai yanka goma sha biyu, kowane wata da nasa yankin, launin mutuwar cuta daban da na mutuwar rauni. Kallo ɗaya ya isa mutum ya ga wanne ya rinjaya. A 1858 ta zama mace ta farko da ƙungiyar masana ƙididdiga ta Landan ta karɓa. Ta nemi asibitoci su riƙa rubuta cututtuka da mace-mace da tsari iri ɗaya don a iya gwada wannan da wancan. Ta kuma goyi bayan gina asibiti ɓangare-ɓangare, da tagogi suna fuskantar juna, irin tsarin asibitin Lariboisière na Paris da ta yaba.

Duk wannan aiki daga ɗaki ta yi shi. Tun daga 1857 ciwo ya riƙa kwantar da ita, shekara da shekaru ba ta cika fita ba. Ministoci da likitoci su ke zuwa wurinta, ɗaya bayan ɗaya.

Makarantar Saint Thomas

Tun tana Scutari jama'a suka tara kuɗi da sunanta, kimanin fam 45,000. Da su aka buɗe makarantar jinya a asibitin Saint Thomas na Landan a watan Yulin 1860, da ɗalibai mata 15, ƙarƙashin shugabar ma'aikatan jinya ta asibitin, Sarah Wardroper. Horon na shekara ɗaya ne. Ɗaliba tana kwana a gidan makaranta, ana ba ta abinci da kayan aiki da ɗan alawus. Tana rubuta abin da ta gani a ɗakin majinyata kullum, kowane wata kuma ana cika mata takardar da ke auna halinta da gwanintarta: zuwa a kan lokaci, riƙon amana, tsafta, ɗaurin rauni, gyaran gado, dafa abincin marar lafiya da iya lura da sauyin jikinsa.

Akwai masu jinya na coci tun kafin wannan. Sabon abu a nan shi ne makarantar ba ta wata ɗariƙa ba ce, kuma wadda ta gama tana da sana'ar da za ta ci abinci da ita. Ƙa'idar da Florence ta fi riƙewa ita ce, likita ke faɗin magani, amma horo da ladabtar da masu jinya yana hannun mai jinya ƴar'uwarsu da ta ƙware.

Shekarun farko ba su yi armashi ba. Ɗalibai da yawa sun bari ko an kore su, darussan aji sun yi ƙaranci, asibitin kuma ya mai da su ƴan aikin ƙarfi masu araha. Da ta gano haka a farkon shekarun 1870, ta sa aka naɗa malama mai zama da ɗalibai, aka kawo likitan tiyata John Croft ya riƙa ba da darasi da jarrabawa. Ta soma kiran ɗaliban gidanta tana yi musu tambayoyi, ta kuma riƙa aika musu wasiƙar nasiha kusan kowace shekara.

Manufarta ita ce kowace ta fita ta horar da wasu. A 1865 Agnes Jones ta tafi da masu jinya 12 zuwa asibitin gidan gajiyayyu na Liverpool, inda a da matalauta ke jinyar junansu. Ta gyara wurin, amma zazzaɓin ƙwarƙwata ya kashe ta a 1868. A shekarar ce Lucy Osburn ta kai tsarin birnin Sydney na Ostareliya. Daga baya ya isa Amurka da Kanada da wasu ƙasashen Turai.

Akwai inda ta ja da baya. Makarantar ungozoma da asusunta ya buɗe a asibitin King's College a 1861 an rufe ta a 1867, saboda zazzaɓin bayan haihuwa ya kashe mata masu jego da dama. Ta tattara alƙaluma, ta wallafa a 1871 cewa a yanayin asibitocin wancan lokaci, haihuwa kusa da ɗakunan marasa lafiya ta fi haihuwa a gida haɗari.

Abincin marar lafiya da lafiyar gida

Ɗan littafinta mai suna Notes on Nursing, wanda ya fito a ƙarshen 1859, ta rubuta shi ne don matan gida, saboda a ganinta kusan kowace mace wata rana za ta yi jinyar wani. Ta lissafa abubuwa biyar da lafiyar gida ke tsaye a kansu: iska mai kyau, ruwa mai kyau, magudanar ƙazanta mai aiki, tsafta da haske. Ta nemi mai jinya ta riƙa wanke hannu akai-akai, ta rage hayaniya, ta kuma daina yi wa marar lafiya daɗin bakin da ya san ƙarya ne.

Babi biyu ta ware wa abinci. Ta lura cewa majinyata da yawa suna ramewa da yunwa alhali abinci na gefensu, saboda ba wanda ya kula da lokacin da suke iya ci da kuma yadda suke iya haɗiya. Shawararta ita ce a ba da kaɗan-kaɗan a kan kari, cokali ɗaya ma in shi ciki zai karɓa, kada kuma a bar kwanon da aka ƙi ci a gaban marar lafiya har ya ƙara ƙyamarsa. Ta fifita madara, ta kuma yi gargaɗin cewa romon nama shi kaɗai ba ya ciyar da mutum yadda ake zato. Abin da ta fi nanatawa shi ne lura: nawa ya ci, nawa ya rage, yaya barcinsa, yaya bayan gidansa. A 1861 aka fitar da bugu mai araha don talakawa, da ƙarin babi kan rainon jarirai.

Da shekaru suka ja, hankalinta ya ƙara komawa ga rigakafi. Ta yi shekaru tana aiki kan ruwan sha da tsaftar ƙauyuka da yunwa a Indiya, ƙasar da ba ta taɓa takawa ba. A 1892, tana da shekara 72, ta taimaka aka horar da mata a yankin Buckinghamshire don su riƙa shiga gida-gida a ƙauyuka, su zauna da uwaye su nuna musu tsafta da ciyar da yara a cikin ɗakinsu, da kayan da suke da su.

Ba a kowane abu ta yi daidai ba. Ta daɗe tana ganin gurɓatacciyar iska ce ke haddasa cututtuka, sai daga baya ta karɓi bayanin ƙwayoyin cuta. Ta kuma yi adawa da yi wa masu jinya rajistar gwamnati, tana ganin jarrabawa ba ta auna hali. An kafa dokar rajistar a 1919, bayan rasuwarta. Waɗanda suka yi aiki da ita sun san ta da tsanani, ba ta jin uzurin gajiya daga kowa, har daga Sidney Herbert da ya rasu a 1861 yana cikin aikin gyaran da suka faro tare.

A 1907 ta zama mace ta farko da aka ba lambar girma ta Order of Merit, lokacin idonta ya riga ya tafi. Ta rasu a gidanta na Landan ranar 13 ga Agustan 1910. Danginta sun ƙi tayin binne ta a Westminster tare da manyan ƙasa, bisa wasiyyarta. An kai ta maƙabartar ƙauyen East Wellow kusa da iyayenta, inda aka rubuta haruffa biyu na sunanta da shekarar haihuwa da ta rasuwa.

Daga Landan zuwa CSI

Tsarinta ya shiga Faransa ta hannun likita Anna Hamilton, wadda ta karɓi wani asibiti a Bordeaux a 1901 ta horar da masu jinya a kan wannan tafarki. Makarantar ta ɗauki sunan Florence Nightingale daga baya. A 1922 Faransa ta kafa takardar shaidar jinya ta gwamnati, wadda sunanta ya wanzu a ƙasashe masu amfani da Faransanci, ciki har da Nijar, inda makarantun ENSP na Yamai da Damagaram ke yaye ma'aikatan jinya. Tun 1912 kuma ƙungiyar Croix-Rouge ta ƙirƙiro lambar yabo da sunanta.

A yawancin cibiyoyin CSI na karkarar Nijar, manjo ma'aikacin jinya ne, shi ke duba marar lafiya, shi ke cika rajista, shi ke aika rahoto. A manyan asibitoci kuwa, dangi ne galibi ke ciyar da majinyaci da wanke shi, wato irin mutanen da ta rubuta wa littafinta. A ɗakunan CRENI, inda ake kwantar da yara masu tamowa mai tsanani, madarar magani kaɗan-kaɗan ake ba su bayan kowane ƴan awoyi, dare da rana, ana rubuta abin da yaro ya sha da nauyinsa. Ilimin da ke bayan wannan madara ya zo ne shekaru da yawa bayan Florence Nightingale. Amma yaron yana tashi ne idan akwai wanda aka koya wa ya auna, ya ba shi a kan lokaci, ya kuma lura in ya ƙi sha, kuma don a samu irin wannan mutum ne ta buɗe makarantarta a 1860.